Wai me masanan hijira suka tsinana wa 'yan gudun hijira?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Na saurari hira da wata farfesa da aka ce ƙwararriya ce kan hijira da haƙƙin ɗan'adam, ta yi shekara da shekaru tana bincike a ƙasashe daban-daban. Magana dai ta iya ta, ba ƙarya. Amma tana cikin bayani sai na ce a raina, jami'o'i nawa ne yanzu ke da cibiyoyin nazarin hijira? Littafi nawa aka rubuta, taro nawa aka yi? Ga shi kuma adadin waɗanda aka raba da gidajensu ya yi ta hawa shekara da shekaru, a 2022 ya haura miliyan 100, har gobe kuma mutane na nutsewa a Bahar Rum. To me waɗannan masana suka tsinana wa ɗan gudun hijira? Ko dai wahalar mutane ce ta zame musu hanyar samun digiri da tikitin jirgi? Ba gatse nake yi ba, so nake a fahimtar da ni.

Sadiq_M:
Wa alaikumus salam. Malam ka riga ni a fili, na riga ka a zuci.

Barista_Nura:
Malam Abu Hanan, tambayarka tana kan hanya, amma ma'aunin da ka ɗauko bai dace ba. Masani ba shi ke tayar da yaƙi ba, ba shi ke rufe iyaka ba. Kamar ka ce likitoci ba su da amfani ne tunda har yanzu ana mutuwa. Bari in ba ka misali ɗaya da za ka iya taɓawa da hannu. Kafin shekarun 1990, mutumin da yaƙi ya kora daga gidansa amma bai tsallaka iyakar ƙasarsa ba, babu wata takarda ta duniya da ta san da zamansa. Shi ba ɗan gudun hijira ba ne a doka, tunda bai fita ba, ita kuma gwamnatin da ya kamata ta kare shi, wani lokaci ita ce ta kore shi. A 1992 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya naɗa Francis Deng, masani ɗan Sudan, ya duba lamarin. Shi da ayarin masana shari'a suka tattaro abin da ke warwatse a dokokin yaƙi da na haƙƙin ɗan'adam, suka fitar da ƙa'idoji 30 a 1998. A kan waɗannan ƙa'idoji Tarayyar Afirka ta gina yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012. Kuma waɗannan mutanen, 'yan gudun hijira na cikin gida, su ne mafi yawa a cikin miliyan 100 ɗin da ka ambata.

Abu_Hanan:
Na gode Barista. Amma yarjejeniyar ta hana a kori mutum ɗaya?

Barista_Nura:
Ba ta hana ba. Ta dai sa akwai abin da za a nuna wa gwamnati a ce ga sa hannunki. Da babu gara ba daɗi.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo, don ni ba a littafi na karanta abin nan ba. Shekara huɗu na yi a sansani da yarana uku. Masu bincike kuwa na gan su iri-iri, har na daina ƙirga. Za su zo da fararen motoci, da tafinta, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya, a shimfiɗa tabarma a gindin tanti, a miƙo miki takarda a ce dangwala nan, wai kin yarda. Sai a fara: yaushe kuka gudu, wa aka kashe, a gabanki aka kashe shi? Akwai wata baiwar Allah da ta sa na ba ta labarin ranar da muka rasa mahaifin yaran nan tun daga farko har ƙarshe, ina kuka tana kuka, ta riƙe mini hannu ta ce za ta dawo ta nuna mini abin da ta rubuta. Daren nan ban runtsa ba, duk abin da na binne ya taso. Ita kuwa ko ƙeyarta ban sake gani ba. Bayan wata biyu wasu suka zo da tambayoyi iri ɗaya sak. Daga baya matan layinmu muka koyi ba su amsar da muka lura suna so, don su yi su tafi mu je layin ruwa. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta, shi ke nan.

Hajiya_Turai:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah Ya jiƙansa, Ya raya miki yaran nan, Ya sa wahalar ta zama kaffara.

Zainab_Dalibar_Ilmi:
Amin. Maman Ilham, ni ɗaliba ce a wannan fannin, ina digiri na uku, kuma wallahi kunya ce ta kama ni da na karanta abin da kika rubuta. Ba zan kare kowa ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne su kansu masanan sun san da wannan cutar, har suna rubutu a kanta. Akwai wasu biyu, Mayssoun Sukarieh da Stuart Tannock, da suka yi nazari a kan sansanin Falasɗinawa na Shatila a Labanon, abin da suka bincika shi ne yadda masu bincike suka addabi mazauna wurin, kowa ya zo ya kwashi labari ya tafi, rayuwa ba ta canza ba. Sai dai abin dariyar, don su rubuta hakan, sai da su ma suka je suka yi wa mutanen tambayoyi.

Amma maganarki ta ƙarshe ta fi tayar mini da hankali, cewa kuna ba da amsar da ake so. Ke nan akwai rahotannin da aka gina a kan gajiyarku.

Maman_Ilham:
Ƙanwata, ba ƙarya muke yi ba fa. Gaskiyar ce muke taƙaitawa.

Dan_Jarida:
Ni a wajena amfanin masanan nan ɗaya ne, kuma babba ne: suna kashe ƙaryar alƙaluma. Mu 'yan jarida mun fi kowa yaɗa ta. Shekaru na yi ina rubuta cewa ɗan gudun hijira yakan yi shekara 17 a sansani. Kowa na faɗa, har manyan jami'ai. Ashe lambar daga wata takardar 2004 ta UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, aka tsinto ta, kuma ba zaman mutum ɗaya a sansani take aunawa ba, tsawon rikicin da ya daɗe ba a warware ba take nufi. Masana ne suka bi diddigi suka gano haka. Kai, yawancin 'yan gudun hijirar duniya ma ba a sansani suke ba, a garuruwa suke haya kamar kowa.

Haka batun cewa duniya ta cika da baƙi fiye da kowane zamani. Hein de Haas, wani farfesa ɗan ƙasar Holan da ya fara bincikensa a ƙauyukan Maroko, ya daɗe yana nuna cewa waɗanda ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu sun tsaya a wajen kashi 3 cikin ɗari na mutanen duniya tun shekaru da dama. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce miliyan 281 ne, kashi 3.6. Adadin ya ƙaru, amma mutanen duniya ma ai sun ƙaru.

Sadiq_M:
Kashi 3 kacal? Duk wannan hayaniyar? Anya kuwa?

Dan_Jarida:
Kacal. Kuma ka ƙara da wannan: a ƙarshen 2023, kashi 75 cikin ɗari na 'yan gudun hijira suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan kashi 70 kuma a maƙwabciyar ƙasarsu. Masu ihun an mamaye su ba su ke ɗauke da kayan ba.

Injiniya_Kabir:
Ina da gyara ga masu cakuɗa kalmomi. Tun daga sama ana ta cewa hijira, hijira. Ɗan ci-rani daban, ɗan gudun hijira daban. Wanda ya tafi neman kuɗi ba ɗaya yake da wanda ya tsere wa harsashi ba, kuma wannan miliyan 281 ɗin yawancinsu masu neman aiki ne da karatu da aure.

Barista_Nura:
Gaskiyarka Injiniya, a doka haka yake. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa, yana da dalilin tsoron za a tsananta masa saboda ɗaya daga abu biyar: launin fata ko ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Lura da kyau, yaƙi zalla ba ya ciki, yunwa ba ta ciki. Kuma da farko an taƙaita ta ga abubuwan da suka faru kafin Janairun 1951, ƙasashe ma suna da zaɓin cewa Turai kaɗai suka sani. Sai a 1967 aka cire wannan shingen, ko da yake Turkiyya har yanzu tana riƙe da nata, shi ya sa miliyoyin 'yan Siriya da ke can suke ƙarƙashin kariya ta wucin gadi. Afirka ce ta fara faɗaɗa ma'anar a yarjejeniyar 1969 da aka sa wa hannu a Adis Ababa, ta shigar da wanda mamaya ko rushewar zaman lafiya ta kora. Ƙasashen Latin Amurka suka bi sahu a Cartagena a 1984.

Amma a ƙasa, layin ba ya fita tsaf kamar a takarda. Manomin da 'yan bindiga suka hana shi noma shekara uku, yunwa ta kore shi, me za ka kira shi? Wannan shi ne abin da masanan ke ta jayayya a kai.

Injiniya_Kabir:
To ni nan nake da matsala da su. Kullum suna gefen a buɗe ƙofa. Ban taɓa jin masanin hijira ya ce baƙi sun yi yawa ba. Talakan ƙasar da ake shigowa fa, wanda albashinsa zai faɗi? Shi ba ɗan'adam ba ne?

Malam_Tattali:
Injiniya, akwai su, kuma rigimar da ke tsakaninsu ta fi ta 'yan siyasa zafi. Bari in ba ka labarin da duk ɗalibin tattalin arziki ya sani. A 1980 shugaban Kyuba Fidel Castro ya buɗe tashar ruwa ta Mariel ya ce duk mai son tafiya ya tafi. Cikin 'yan watanni mutum kusan 125,000 suka tsallaka zuwa Amurka, da yawansu suka zauna a Miyami, ma'aikatan birnin suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari kamar ƙiftawar ido. Ga masani wannan dama ce da ba a samu sau biyu: a zuba dubban leburori a gari ɗaya rana tsaka, a ga me zai faru. David Card ya kwatanta Miyami da wasu biranen da ba su samu baƙin ba, ya buga sakamakonsa a 1990: albashin ƙananan ma'aikata bai faɗi ba, rashin aiki bai ƙaru ba yadda za a ce baƙin ne sila. Card ya samu kyautar Nobel a 2021, kuma wannan aikin yana cikin abin da aka yaba.

Bayan shekara 25 sai George Borjas na jami'ar Harvard, wanda shi kansa a Kyuba aka haife shi ya shigo Amurka yana yaro, ya sake buɗe alƙaluman. Ya ce a ware mazan da ba su gama sakandare ba su kaɗai, za a ga albashinsu ya faɗi warwas. Wasu masanan, irin su Michael Clemens da Jennifer Hunt, suka mayar masa da martani cewa rukunin da ya ware 'yan ƙalilan ne a cikin ƙididdigar, kuma irin mutanen da ake tambaya ya canza a waɗannan shekarun, don haka faɗuwar da ya gani tana iya zama ta ƙididdiga ce kawai. Gari ɗaya, shekara ɗaya, alƙaluma ɗaya, amma har yau ba a rufe maganar ba.

Sadiq_M:
To idan malamai sun kasa daidaitawa a kan gari ɗaya, mu kuma wa za mu bi?

Malam_Tattali:
Ka bi wanda ya baje hujjarsa a fili har abokin hamayya ya iya kama shi. Su biyun duk sun yi haka, shi ya sa muka san inda suka saɓa. Ɗan siyasa kuwa lamba zai jefo maka daga kan mumbari ya wuce.

Injiniya_Kabir:
Na karɓi gyara rabi. Amma Miyami ta 1980 ba ita ce ƙaramar ƙasa mai fama da kanta ba. A je a tambayi Labanon.

Umar_Tafinta:
Bari in dawo da mu kan tambayar Malam Abu Hanan, don na ga mun fara nisa. Ni tafinta ne, na yi shekaru ina fassara wa masu neman mafaka a wata ƙasar Turai. Wanda bai shiga ɗakin nan ba ba zai gane ba. Tebur ne, jami'i da kwamfuta a gefe ɗaya, mutum a ɗaya gefen, ni a tsakiya, ga kwalin tishu. Awa huɗu, biyar. Duk shari'ar a kan abu ɗaya take: an yarda da labarinka ko ba a yarda ba. Na ga matar da a hirar farko ta ce ranar Talata aka zo gidansu, bayan wata takwas ta ce Laraba, jami'in ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, aka rubuta cewa maganarta tana tufka da warwara.

Abin da lauyoyi ke ɗaukowa a irin wannan hali aikin masana ne. Akwai binciken da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2002, an yi hira sau biyu da 'yan gudun hijirar Kosobo da Bosniya waɗanda an riga an ba su izinin zama, wato ba su da dalilin yin ƙarya. Duk da haka labarinsu ya sassaɓa tsakanin hirar farko da ta biyu, musamman a ƙananan bayanai, kuma saɓanin ya fi yawa ga masu ciwon firgici idan tazarar ta yi tsawo. Wannan takarda ɗaya ta shiga fayil ɗin mutane da yawa.

Sai batun harshe. Wasu hukumomi kan ɗauki muryar mutum su aika wa wani ya saurara ya ce daga wace ƙasa yake. A 2004 masana harshe suka fitar da ƙa'idoji suka ce a yi hattara, harshe yana nuna inda mutum ya tashi ne da waɗanda ya zauna da su, ba ya nuna fasfo. Basomale yana iya zama ɗan Somaliya ko Kenya ko Habasha ko Jibuti. Wanda ya girma a sansani kuwa bakinsa gauraye yake. Don haka Malam Abu Hanan, idan kana neman inda masani ya taɓa rayuwar mutum ɗaya, ka leƙa ɗakin nan.

Abu_Hanan:
Wannan ya shige ni, Malam Umar. Matar fa, ya aka ƙare?

Umar_Tafinta:
Tafinta ba ya jin ƙarshen shari'a. Ka fassara, ka sa hannu, a kira na gaba.

Comrade_Bala:
Duk na ji, amma ba wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa. Wa ke biyan kuɗin binciken? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manyan cibiyoyin suna Turai da Amurka da Kanada da Ostareliya, kuɗin daga gwamnatocinsu yake fitowa, tambayar da suke son a amsa musu kuwa ɗaya ce: ta yaya za mu hana su zuwa? Shi ya sa za ka ga rubutu tuli a kan masu tsallaka Bahar Rum, amma masu ƙaura tsakanin ƙasashen Afirka ko na Asiya, waɗanda suka fi yawa, ba a cika waiwayarsu ba. Ba ni na fara faɗa ba. B.S. Chimni, masanin shari'a ɗan Indiya, ya rubuta tun 1998 cewa ilimin nan yana bin iskar siyasar ƙasashen Yamma. Lokacin yaƙin cacar baka, wanda ya tsere wa kwaminisanci gwarzo ne. 'Yan Hangari kusan 200,000 da suka gudu a 1956, nan da nan aka rarraba yawancinsu a ƙasashe. Da masu zuwa suka zama baƙaƙe da Larabawa, sai aka fara cewa waɗannan daban ne, a taimaka musu a can inda suke. Ku dubi 2022: dokar kariya ta wucin gadi da Tarayyar Turai ta ajiye tun 2001 ba ta taɓa amfani da ita ba, ko a 2015 da 'yan Siriya da wasu suka kwarara Turai, amma cikin kwanaki aka buɗe wa 'yan Yukiren.

Zainab_Dalibar_Ilmi:
Kwamared, a nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. An taɓa karɓar takardata a wani taron masana kan 'yancin zirga-zirga, a wata ƙasa da ba sai na faɗa ba. Na haɗa wasiƙar gayyata, da shaidar makaranta, da bayanan banki, aka hana ni biza, wai ba a gamsu zan dawo ba. Wata abokiyar karatuna ce ta karanta takardar a madadina. Taro a kan 'yancin tafiya, mai takarda ba ta samu tafiya ba.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Wadda ta kafa cibiyar nazarin 'yan gudun hijira ta Oxford a 1982, Barbara Harrell-Bond, ba 'yar amshin shata ba ce. Ta zauna da 'yan Yuganda da suka gudu kudancin Sudan, ta fito a 1986 ta ce tsarin agajin kansa yana mayar da mutane mabarata, ana yanke musu hukunci ba a tambaye su ba, kuma waɗanda suka zauna cikin gari da kansu sau da yawa sun fi na sansani walwala. Hukumomin agaji ba su ji daɗinta ba ko kaɗan.

Maman_Ilham:
Wannan matar ta faɗi gaskiya. A sansani ko tukunya za a raba sai an yi taro a kanku ba ku ciki.

Comrade_Bala:
Ta faɗa a 1986. Sansanonin Dadaab da Kakuma a Kenya an buɗe su a farkon shekarun 1990, bayan ta faɗa ɗin, kuma ga su nan har an haifi jikoki a ciki. To ina amfanin baɗi ba rai?

Malam_Tattali:
Ba duka aka watsar ba. Yuganda ta yi doka a 2006 da ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, har da ɗan filin noma, kuma binciken da Alexander Betts da abokan aikinsa suka yi a can ya nuna wasunsu har 'yan ƙasa suke ɗauka aiki. Shi Betts ɗin da Paul Collier ne suka tallata shawarar da ta zama yarjejeniyar Jodan ta 2016: a ba 'yan Siriya izinin aiki har 200,000, ita kuma Jodan ta samu rance mai sauƙi da rangwamen shigar da kaya kasuwar Turai. An ba da izini da yawa, amma masana'antun da aka yi wa buri ba su ja 'yan Siriya sosai ba, yawanci a gona da gini suka ƙare.

Comrade_Bala:
Ka ga abin da nake faɗa. Shawarar ta samu karɓuwa ne don ta yi daidai da abin da Turai ke so a 2016: su zauna can. A shekarar ce fa Turai ta yi cinikin Yuro biliyan 6 da Turkiyya don ta tare masu tsallakowa.

Hajiya_Turai:
Ni dai tambaya gare ni, ku yi haƙuri da jahilcina. Wanda ambaliya ko fari ya kora fa, yana cikin lissafin masanan?

Barista_Nura:
Ba jahilci ba ne Hajiya, tambayar zamani ce. A yarjejeniyar 1951 ba ya ciki. Wani mutumin tsibirin Kiribati, Ioane Teitiota, ya nemi mafaka a New Zealand saboda teku na cinye ƙasarsu, kotuna suka ƙi, aka mayar da shi a 2015. Kwamitin haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙararsa, a farkon 2020 aka bayyana cewa bai yi nasara ba, amma kwamitin ya ce nan gaba idan haɗarin ya kai ga barazana ga rai, mayar da mutum zai iya zama saɓa doka. An rufe masa ƙofa, an bar taga ga na baya.

Dan_Jarida:
A nan kuma masana ne suka yi abin kunya. A 2005 aka yi ta yaɗa hasashen cewa zuwa 2010 za a samu 'yan gudun hijirar muhalli miliyan 50. Shekarar ta zo ta wuce, ba wanda ya iya nuna su. Wasu masanan ne dai suka zo suka nuna cewa lissafin ya ɗauka duk wanda ke zaune a wuri mai haɗari zai tashi ya bar ƙasa, alhali yawanci kusa suke matsawa, mafi talauci ma ba su da kuɗin motar tafiya.

Sadiq_M:
Ɗazu ka ce suna kashe ƙaryar alƙaluma, yanzu ka ce suna haifarta.

Dan_Jarida:
Duka biyun. Mu dai namu ɗauka ne mu buga.

Aisha_R:
Tun safe nake karantawa ban sa baki ba. Malam Abu Hanan ya ambaci masu nutsewa a teku, ba wanda ya amsa masa wannan. A ƙarshen Maris na 2011 wani jirgin roba ya bar Tarabulus da mutum 72. Mai ya ƙare musu a tsakiyar teku. Suka kira wani limamin coci ɗan Eritiriya da ke Rum ta wayar tauraron ɗan'adam, shi ya sanar da masu gadin tekun Italiya, aka aika saƙo ga jiragen da ke yankin. A lokacin tekun cike yake da jiragen yaƙin NATO saboda rikicin Libiya. Waɗanda suka tsira sun ce wani jirgi mai saukar ungulu na soja ya zo ya jefa musu ruwa da biskit ya tafi. Kwana 14 igiyar ruwa tana yawo da su har ta mayar da su gaɓar Libiya. Mutum 63 suka mutu, 9 suka rayu.

Da a ce maganar mutum tara ce kawai, da an ce ruɗewa ce. Sai wasu masu bincike biyu, Charles Heller da Lorenzo Pezzani, suka zauna da waɗanda suka tsira, suka ɗauki wuraren da wayar ta nuna, suka haɗa da bayanan iska da na igiyar ruwa tare da wani masanin teku, suka zana hanyar da jirgin ya bi kwana bayan kwana, sannan suka ɗora hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna manyan jiragen da ke kusa. Da wannan rahoton aka shigar da ƙara a Faransa da wasu ƙasashen. Bai dawo da ko mutum ɗaya ba. Amma ba wanda zai sake cewa ba a san suna wurin ba.

Abu_Hanan:
Innalillahi. Malama Aisha, jikina ya yi sanyi. Zan janye kalmar tikitin jirgi, ta yi kaushi. Amma ban janye tambayar duka ba. Abin da na fahimta zuwa yanzu, suna iya tabbatar da abin da ya faru, suna iya taimakon mutum ɗaya a gaban alƙali, amma idan gwamnati ta yi niyya ba sa iya tare ta.

Barista_Nura:
Wani lokaci kotu na tarewa. A 2012 kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce Italiya ta saɓa doka da ta tare mutane a teku a 2009 ta mayar da su Libiya. Kotun ƙolin Birtaniya kuma a Nuwamban 2023 ta ce shirin kai masu neman mafaka Ruwanda haramtacce ne.

Comrade_Bala:
Sai majalisar Birtaniya ta yi doka a 2024 ta ce Ruwanda lafiya lau take, ko kotu ta so ko ta ƙi. Zaɓe ne ya kashe shirin a watan Yuli, ba hujja ba. Italiya kuwa sai ta koma ba masu gadin tekun Libiya jirage da horo su yi taren da kansu.

Zainab_Dalibar_Ilmi:
Maman Ilham, idan ba damuwa ina da tambaya. Wata mai zuwa zan fara nawa aikin a fili. Da ke ce za ki tsara mini, me zan yi daban?

Maman_Ilham:
Kada ki ce za ki dawo idan ba za ki dawo ba. Kada ki zo da safe lokacin layin ruwa. Ki tambayi mutum me yake so a rubuta kafin ki ciro takardarki, wata ba labarin gudu take son bayarwa ba, makarantar ɗanta ce ke damunta. Kuma tafintan da za ki ɗauka, ki bincika ko waye shi a sansanin, don akwai maganar da ba za mu faɗa a gabansa ba.

Umar_Tafinta:
Wannan ta ƙarshen, ko ni an sha yi mini shiru saboda ita.

Zainab_Dalibar_Ilmi:
Na rubuta duka huɗun. Zan iya tuntuɓarki ta akwatin saƙo in nuna miki tambayoyin kafin in tafi?

Maman_Ilham:
Turo, amma sai bayan isha'i, yanzu ina wurin aiki.